Ɗan Akwatin da Ya Cinye Gonar Ɗanliti

A Jiratawa in ka ce kana neman Ɗanliti sai an tambaye ka wanne, don masu sunan sun kai huɗu. Amma ka ce Ɗanliti Sau-Biyu, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan. Shi ne dattijon nan siriri mai baƙin tabarau, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana noman parsel mai lamba arba'in da ɗaya a gonakin rani na bakin gulbi. Parsel ɗan yankin gona ne da kofaratif, wato ƙungiyar manoman rani, ke ba mutum ya noma muddin yana sabunta rajistarsa kowace shekara. Ba gado ba ne, ba saye ba ne. Na Ɗanliti bai wuce kwatan hekta ba, amma daga cikinsa yake ci, daga cikinsa yake sutura, kuma in ka ɗebe shi ba ya da ko taku ɗaya na ƙasa a duniyar nan.

An haife shi a wani ƙauye bayan Tibiri, a gidan ubansa Dodo, manomin gero mai bin addinin kaka da kakanni. Yana ɗan shekara goma sha biyar wani tabo ya fito masa a gadon baya, ko an soka masa ƙaya a wurin ba ya ji. Aka yanka jan zakara, aka yanka baƙar akuya, aka sha saiwa aka sha sassaƙe har shekara shida. Kafin wani ya yi dabarar kai shi likitar mishan inda ake maganin kuturta, ciwon ya riga ya ci rabonsa. Magani ya kashe cutar sarai, amma magani ba ya mayar da yatsa. Hannun hagu ya zama dungu. A na dama guntun manuni kaɗai ya rage, gajere mai faɗi kamar dabino. Fatar idonsa kuma ta daina rufuwa sosai, rana da iska suka yi ta dukan idon har ganinsa ya dusashe. Baƙin rubutu a kan fari yana karanta shi, amma abu mai ruwan toka sai dai ya gan shi dishi-dishi.

Shekara huɗu ya yi a can, ya fito da abu uku: karatun boko, bin Almasihu, da wata ɗabi'a da ta zame masa suna. Wani tsohon ma'aikacin likitar ne ya dasa masa ita. Ya ce, "Kai samari, saurara. Hannun kowa shina ba shi labari, naka ya yi shiru har abada. Wuta za ta ci shi ba ka sani ba, igiya za ta kwance ba ka sani ba. Saboda haka duk abin da ka yi, ka sake yi." Ɗanliti ya riƙe maganar nan kamar aya. Takalmi sau biyu yake kaɗe shi kafin ya sa. Sakatar ƙofa sau biyu yake tura ta. In ya ɗaure akuya sai ya koma ya ƙara ƙulli. Mutane suka yi ta dariya har suka laƙa masa Sau-Biyu, shi ko a jikinsa. Su yi ta dariyar mana! Cikin waɗanda aka sallama tare da shi, da yawa ƙaya ɗaya ko garwashi ɗaya ya kai su ga yanke ƙafa, shi kuwa ya kai saba'in ba biyu da ƙafafunsa duka.

Da ya koma gida ya tarar Dodo ya mutu, ƴan'uwa sun raba gona ba da shi ba. Wai wa ya san zai dawo? Ya juya ya bar musu ƙauyen. Ya yi gadi, ya yi kiwon awakin mutane, ya auri Febi, ɗiyar mai dafa abinci a likitar, mace lafiyayya mai baki kamar reza, wadda danginta suka shekara ba su taka gidanta ba saboda auren. Ɗiya ɗaya Allah ya ba su, Ruhama, tana aure yanzu a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Da aka kafa kofaratif ɗin Albarkar Gulbi, fastonsu ya tsaya masa tsayin daka har aka ba shi parsel. An yi gunaguni ranar. Kuturu da noman rani? To, aka zuba ido. Ya yanko roba daga tsohuwar taya, kullum da safe Febi ta ɗaure masa fartanya a hannu, in ya dawo ta kwance. Albasa a tsakiya, tattasai a bakin ruwa, zogale a kan iyaka. Ba a yi rani uku ba masu gunagunin suka fara zuwa roƙon iri.

Ranar da ya fi so a shekara ita ce ranar rajista. Sakatare zai buɗe babban littafi, manoma su yi layi suna dangwala babban yatsa a tawada. Ɗanliti ba ya da yatsan dangwalawa, sai ya sa a ɗaure masa alƙalami ya rubuta sunansa cikakke, harafi bayan harafi, yana jan lokaci da gangan, masu yatsu goma suna tsaye suna kallo. Akwai ɗan jin kai a ciki, babu musu. Amma wa zai hana shi?

Shekara biyu da suka wuce wani furoje, wato shirin tallafa wa manoma, ya zo daga Maraɗi, kuma da niyyar alheri ya zo. Littafin rajista ya riga ya yi ƙaurin suna, sunaye suna ɓacewa, ƴan'uwan manya suna tsallake layin masu jiran parsel. Aka ce daga yanzu a waya za a riƙa yi, ta intanet, inda ba mai gogewa ba mai ƙarawa. Aka tara manoma aka karanta musu doka. A ƙarshen takardar da za a cike cikin waya akwai wani ɗan akwati, a gefensa an rubuta "Zan ci gaba da noman parsel ɗina". Wanda ya sa alama a ciki, parsel nasa ne. Wanda ya bar shi wayam ya sallama ke nan, sai a ba na farko a layin masu jira. Wanda ya ga an yi kuskure yana da sati biyu ya kawo kukansa. Aka ce wa ya yarda? Ɗanliti na cikin waɗanda suka fara ɗaga hannu.

Ranar rajistar bara Ilyasu, sakataren kofaratif, ya zauna a gindin dogon yaro da wayar ƙungiya. Duk wanda ya zo sai ya cike masa, ya miƙa masa wayar ya taɓa ɗan akwatin da kansa, shi kuma ya duba ya ga alama ta fito, sannan ya aika. Waya tana ta yawo hannu zuwa hannu. Da layi ya zo kan Ɗanliti ya miƙo nasa hannun, sai Ilyasu ya janye wayar ya manna ta a ƙirji. Ba da mugunta ya yi ba, jikinsa ne ya riga tunaninsa. Shekara arba'in da warkewar mutum, amma har yau akwai masu ƙin haɗa kwano da shi.

"Baba, ai naka mai sauƙi ne," in ji Ilyasu yana kame-kame. "Bari in taɓa maka."

"Ka taɓa mani? Cikin duk mutanen ga wa ka taɓa mawa?"

"To, ai kana da taka waya, Baba, kuma kai mai karatu ne. Bari in tura maka, ka yi abinka a gida cikin natsuwa."

"Tura," in ji Ɗanliti. Ya juya ya tafi.

A gida Febi ta ji labari, ta zagi Ilyasu har kakansa, sannan ta ce, "Baban Ruhama, jibi Lahadi. In an tashi sujada mu hau kabu-kabu mu tafi wajen ɗiyarka ta yi maka."

"Shekara talatin ina sa hannu da kaina, yau ne za a sa mani?"

"To, Allah ya ba da sa'a, sarkin taurin kai."

Wayar shafawa ce Ruhama ta ba shi, kuma zaman doya da manja suke yi shi da ita. Fatar guntun yatsansa ta yi kanta ta bushe, sau da yawa gilashin ba ya jin taɓinsa sai ya ɗan jiƙa shi. Washegari da hantsi ya zauna a rumfa da kofin ruwa a gefe, ya cire tabarau, ya kawo wayar dab da idonsa. Rubuta suna da lambar parsel kaɗai ya ci masa kusan awa guda. An rubuta komai da Faransanci, ga Hausa a ƙarƙashi, ya karanta tas bai tsallake ko layi ɗaya ba. Har ya iso ƙarshe.

Ɗan akwatin nan, don Allah, bai fi ƙwayar dawa ba, kuma da siririn layi mai ruwan toka aka zana shi a kan fari. Ɗanliti ya fara taɓa rubutun da ke gefensa, tunda shi yake gani sosai. Ba abin da ya motsa, don ba a haɗa rubutun da akwatin ba, sai mutum ya sami tsakiyar ƙwayar dawar nan daidai. Ya jiƙa yatsa, ya auna, ya danna. Wannan karon ya samu. Alama ta fito, ƴar siririya, ita ma ruwan toka, guntun yatsan nasa ya rufe ta ruf. Waya ba ta yi ƙara ba, ba ta girgiza ba, ba ta ce komai ba. Hannunsa kuma ba ya ba shi labari. Sai ya yi abin da ya tsare masa ƙafafu shekara arba'in, ya sake dannawa.

Wa ya taɓa gaya masa akwai abu a duniya wanda in ka yi shi sau biyu yake komawa kamar ba ka yi ba? A iya saninsa ƙulli biyu ya fi ɗaya. Amma wannan akwati, taɓawar farko ita ke sa alama, ta biyu kuwa gogewa take. Ya ɗaga yatsa ya duba, ya ga dishi-dishi kamar ɗazu, ya ɗauka idonsa ne. Ya danna babban koren wurin da aka rubuta "Aika". Da an tambaye shi ko da layi ɗaya ne, an ce "Ka tabbata za ka saki parsel ɗinka?", da magana ta ƙare a nan. Ba a tambaya ba. Sai aka rubuto masa da manyan baƙaƙe raɗau: "An karɓa. Mun gode."

"Uwar Ruhama! Zo ki gani, ke da kika ce sai an kai ni Zariya."

Ta zo ta leƙa, ta taɓe baki, amma ta ji daɗi. Ranar har da ƙarin man shanu a miya.

Ga inda abin ya fi ciwo. Wasu tsofaffin da suka cike a gida, masu rawar hannu da masu raunin ido, hankalinsu bai kwanta ba, suka koma wajen Ilyasu ya duba musu. Mutum bakwai aka tarar akwatinsu wayam, aka gyara kafin sati biyun su cika. Ɗanliti bai je ba. Ba ya son ganin fuskar Ilyasu, sannan me zai je tambaya? Shi da ya yi sau biyu! Cikin kwanakin nan yana can yana kai taki da jakin aro, yana yafa irin albasa, yana gyara bakin magudanar ruwa.

Bayan an gama yankan gero, wata safiya ya isa parsel ya tarar da mutum tsaye a ciki da takarda a hannu. Hamidu ne, magidanci mai ɗiya bakwai, wanda ya shekara tara a layin masu jira.

"Baba Ɗanliti, ina kwana? An ce ka sallama. Wallahi tun jiya nake sa maka albarka."

"Na sallama me?"

Hamidu ya dubi taki a barbaje, ya dubi irin albasa kore shar, ya dubi fartanyar da ke ɗaure a hannun dattijon. Murnar ta gudu daga fuskarsa. Sai ya sunkuyar da kai.

Da fartanyar a ɗaure Ɗanliti ya isa wajen Ilyasu. Ilyasu ya buɗo takardar ya nuna masa daga nesa: ga suna, ga lamba, ga akwati wayam.

"Na taɓa shi! Sau biyu na taɓa shi!"

"Sau biyu?" in ji Ilyasu. "Innalillahi." Ya gane abin da ya faru, kuma ya san rabonsa a ciki, shi ya sa bai iya ɗago ido ba. Ya ce sati biyun sun wuce da wata guda, an sa hannu a jerin sunaye, an buga hatimi, an aika Maraɗi.

Ƴan kwamitin kofaratif suka ce ai maganar ta furoje ce. Ɗanliti ya hau kabu-kabu, aka ratsa da shi Sabon Gari aka sauke shi ofishin furojen. Can aka haɗa shi da Rahma, ma'aikaciyar da ta tsara takardar, wadda ba ta wuce sa'ar Ruhama ba. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta buɗo takardar a tata wayar ta ɗora masa a hannu, ko ɗar ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, yi yadda ka yi ranar in gani." Ya roƙi ruwa, ya jiƙa yatsa, ya taɓa rubutun, ya koma ya auna akwatin, ya danna, ya sake dannawa. Tana tsaye a kansa ta ga alamar ta fito ta ɓace.

Ta zauna jagwab. Ta ce, "Na gwada takardar ga a hannun duk mutanen ofishinmu, kowa ya ce ta yi. Ban tuna ba duka masu yatsu ne masu ido. Baba, laifina ne. Ka yafe mani."

"Na yafe, ɗiyata. Parsel ɗin fa?"

A faɗi gaskiya, yarinyar nan ta yi iya yinta. Ta rubuta takarda, ta shiga wajen shugabanta, ta zo Jiratawa da ƙafarta har sau uku. Shugaban ya ce doka ta manoma ce, su suka ɗaga hannu. Ƴan kwamiti suka ce in aka buɗe wa mutum ɗaya ƙofa bayan wa'adi, gobe kowane babba zai turo ɗan'uwansa ta nan, kuma don a toshe ta aka kawo wayar tun farko. Sannan Hamidu me ya yi? Ya jira shekara tara, an ba shi a gaban jama'a. Fasto ya yi magana, liman ma ya yi. Kowa ya ce Allah sarki, kowa ya ce abin bai yi daɗi ba, amma bakin alƙalami ya bushe. Alfarmar da aka yi masa ita ce aka sa shi a layin masu jira, shi ne na ɗari da sittin da uku. Parsel huɗu ko biyar ke fita a shekara.

Febi ta rantse sai ta tumɓuke irin albasar ta zuba wa awaki. Ɗanliti ya hana, ya ce iri bai yi laifi ba, a bar wa Hamidu. Daga nan ya zauna. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba ya koma yini a rumfa, yana jin masu tafiya gona suna wucewa suna yi masa sannu. Mijin Ruhama ya riƙa aiko da hatsi, yana ci yana jin kunya. Ya rame. Wata rana Febi ta ga jini a takalminsa, ta duba ta tarar da tsakuwa ta huda masa diddige, ashe ya daina kaɗe takalmi. Ta wanke ciwon tana faɗa tana kuka, shi kuwa yana kallon bango.

Da rajistar bana ta matso, sai ga takardar gayyata daga Rahma. Ta sake tsara takardar wayar tun daga tushe, za a yi taron nuna ta, kuma ana roƙon Malam Ɗanliti ya zo a matsayin babban baƙo. Febi ta ce, "Kar ka je. Wannan ihu ne bayan hari." Amma maganganu sun fara yawo a gari, wai an sami wani parsel, wai a gaban manya za a miƙa masa. Ba wanda ya san inda zancen ya fito. Ɗanliti ya ce shi bai yarda da jita-jita ba, amma ya sa aka wanke masa rigar Kirsimeti aka goge.

An kafa rumfa, an jera kujeru, ga manya daga Maraɗi, ga manoma cike da fili. Rahma ta yi bayani. Akwatin yanzu babba ne, baƙi ƙirin a kan fari. Ko rubutun gefensa ka taɓa ya isa. In ka taɓa, waya za ta girgiza, ta faɗa maka da murya abin da ka zaɓa, kuma ba mai sakin parsel sai ya faɗa a fili cewa ya saki. Aiki ne mai kyau, wallahi, ba wanda zai ce ba haka ba. Ta ce duk wannan albarkacin mutum ɗaya ne, ta kira shi ya zo ya fara gwadawa. Aka haɗa wayar da lasifika don kowa ya ji.

Ya taso yana ɗingishi. Ilyasu da kansa ya miƙa masa wayar, da hannu biyu. Ya kawo ta kusa da ido, ya ga rubutu manya-manya, bai ko nemi ruwa ba. Tambayar farko layi biyu ce, kowane da akwatinsa. Na sama ya ce "Ina da parsel". Na ƙasa ya ce "Ba ni da parsel".

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dubi teburin manya ko akwai mai wata magana. Ba kowa, duk shi suke jira, wani ma ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. A lokacin ne Rahma ta gane abin da ta sa shi yi, ta miƙo hannu za ta karɓa, amma ya riga ya sauke yatsa. Bai taɓa yin ƙarya a rajista ba.

Wayar ta girgiza a hannunsa. Muryar Rahma, wadda ta naɗa da kanta, ta fito ta lasifika tangaran har bakin hanya: "Ka zaɓi: ba ni da parsel."

Fili ya ɗauki tafi. Ta yi aiki! Manya suka miƙe suna gaisa juna, mata suka rangaɗa guɗa. Ɗanliti yana tsaye a tsakiya da rigar Kirsimeti, ba wanda ya gaya masa ya zauna ko ya tafi. Can wani ɗan kwamiti ya matso ya zare wayar daga hannunsa a hankali, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Ɗan matsa gefe, masu parsel za su fara."